Yaron Agwagin da Aka Hana Kujerar Jarrabawa

Sun hana Emdad zama jarrabawar shiga jami'a. Bai faɗi ba, bai makara ba, ba a kama shi da satar amsa ba. A jarrabawar aji goma sha biyu da aka yi bana, maki biyar ya ci cikin biyar, babu sauran inda zai hau. Amma a ta aji goma, wadda ya yi yana ɗan shekara goma sha biyar, uku da ɗigo uku ya samu, su kuwa masu jami'a uku da rabi suke so. Iyakar laifinsa ke nan. Saboda abin da yaro ya yi lokacin da hankalinsa bai wuce na agwagin da yake kiwo ba, an rufe wa saurayi ƙofa a fuska.

Ni ce gwaggonsa, Monowara, ƙanwar ubansa. Ɗinkin kayan makaranta nake yi a bakin kasuwar Sunamganj, kuma a ɗakina ya zauna shekara biyun da ya yi a kwaleji. Na gama sakandare, don haka kada wani ya taso mini da cewa ban gane lissafin ba. Na gane shi sarai, shi ya sa raina yake ɓace.

Ba zan yi muku ƙarya in ce yaro ne mai son karatu tun yana goye ba. Ɗan banza ne na gaske a lokacin. A Hijolkandi aka haife shi, can cikin haor, ƙasar fadama da ruwa ke shanyewa, inda rabin shekara ƙauyen yake zama ɗan tsibiri, ko gidan maƙwabci za ka sai da kwale-kwale. Ubansa, Yaya Sobhan, kiwon agwagi ne sana'arsa, kamar yadda ubanmu ya yi. Tun Emdad bai iya ɗaura zane da kyau ba yake tsayawa a bakin kwale-kwale da doguwar gora yana kora garke. In ya yi irin kiransa, agwaginmu kaɗai ke juyowa daga cikin na mutane. Makaranta kuwa, uwarsa Rahela za ta ƙulle masa littattafai a leda don kada su jiƙe, ya tura su ƙarƙashin katakon zama, ya tuƙa. Da la'asar ya dawo da kifi cike da kwando, ledar nan ƙullinta bai motsa ba. Ta bi shi da ludayi, ya faɗa ruwa, ya ɓullo can nesa yana yi mata gwalo. In lokacin girbin shinkafa ya zo kuma ba shi kaɗai ba, ajin gaba ɗaya ke watsewa, har wasu malaman a gona za ka same su.

Da haka ya rarrafa ya kai aji goma, ya zauna jarrabawa, Allah Ya taimake shi ya haye. Tun da na ci tawa kusan shekara talatin baya, gidanmu bai sake ganin wannan takarda ba. Yaya Sobhan kamar zai tashi sama.

A wurinmu ba a faɗin sakamakon yaro da baki, da alewa ake faɗa. Gidan da aka ci, za ka ga tukunyar rasgolla, alewar madara mai ruwan sukari, ta fito tana yawo. Gidan da aka faɗi, ƙofa a rufe, sai dai su karɓi ta mutane suna sunkuyar da kai. Yaya ya kwashe ƙwan sati guda ya kai kasuwa, ya dawo da tukwane cike da alewa, ya shiga kwale-kwale yana bi gida-gida. Na je ƙauye don murnar, kuma ina tsaye a wurin lokacin da ya miƙa wa shugaban makarantar, Malam Haris, a rumfar mai shayi.

Malam ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki, ya ɗauki ta biyu, ruwan sukari na bin gemunsa, sannan ya ce, "Sobhan Mia, in kana so fa yaron nan zai iya sake zama baɗi, ya ɗan gyara makinsa."

Yaya ya tsaya da tukunya a hannu. "Ya sake zama? Malam, ba ci ya yi ba?"

"Ya ci mana."

"To, wannan da ke bakinka ta mece ce? In ya sake zama me zan ce wa mutanen da suka sha alewar? In bi su gida-gida in ce su amayo mini abata?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ni dai tawa ta riga ta wuce, sai dai ka yi haƙuri." Malam Haris ma ya yi dariya, ya ɗauki ta uku, ya ce, "To, kai ka sani." Maganar ta mutu a nan.

Ku lura da abin da ya faru a rumfar nan, don shi ne tushen komai. A ƙauyenmu wanda ya faɗi ne yake maimaita jarrabawa. Yaron da aka raba wa alewa in aka gan shi ya koma layi da waɗanda suka faɗi, ubansa ya zama maƙaryaci a idon gari. Abin da Yaya ya sani ke nan, kuma abin da duk wanda ke zaune a wurin ya sani ke nan. Mutum ɗaya ne ya san cewa damar gyaran maki sau ɗaya take, shekarar da ke biye kawai, in ta wuce ta wuce har abada. Mutum ɗaya ne ya san cewa ƙasa da uku da rabi jami'o'in kimiyya ba sa ko duban yaro. Shi ne mai alewa a baki, kuma bai faɗa ba. Jimla ɗaya ce da ta ishe shi.

Bayan ruwa ya fara janyewa a shekarar, annoba ta shiga garken agwagin. Da safe a tarar da goma sun miƙe ƙafa, kafin azahar wasu ashirin. Emdad ne ya tuƙa zuwa garin da likitan dabbobi yake, aka ce masa ya tafi wani ƙauye, don shi kaɗai ne ga yankin duka. Ya koma washegari, ya sake komawa. Ranar da likitan ya iso Hijolkandi, abin da ya rage na garken bai cika kwando biyu ba. Ya sa aka kawo masa mushe ɗaya, ya farke da wuƙa, ya nuna wa Yaya hantar, ya ce da an yi musu allurar rigakafi kafin damina da ba a rasa ko kashi ɗaya cikin goma ba. Emdad yana tsugune a gefe yana leƙe.

Ya ce, "Yallaɓai, karatun me ake yi mutum ya san wannan?"

Likitan ya dube shi, ya dubi ƙafafunsa masu taɓo, ya ce, "Wanda ba ka yi ba."

Shi ya haƙa ramin da aka binne agwagin, shi kaɗai, bai yarda ubansa ya kama fartanya ba. Ba a daɗe ba ina zaune a kan keken ɗinki na ɗaga kai, sai ga shi a ƙofar shago da jaka a kafaɗa da ƙullin busasshen kifi daga uwarsa.

"Gwaggo, na zo karatu."

Na ce, "Kai? Karatu? Littafin ya san da zuwanka?"

"Likitan dabbobi zan zama."

"Sannu likita. Ajiye kifin can, kana cika mini kayan mutane da wari."

Wata ƙaramar kwaleji ta ɗauke shi ajin kimiyya, don manyan ba su ko amsa gaisuwarmu ba. Jarrabawar zangon farko, daga ƙarshen aji ake fara neman sunansa. 'Yan ajin suka sa masa Sarkin Agwagi, in ya shigo sai su dinga kwak-kwak ƙasa-ƙasa. Ya dawo gida ya zauna a bakin shago, shinkafar da na zuba masa har ta huce. Na ɗauka jaka zai haɗa. Sai ya ce in ba shi kuɗin riksho, keken haya, ya tafi wurin masu tsofaffin littattafai, ya dawo da na aji tara da na aji goma, irin waɗanda suka yi shekaru a leda ƙarƙashin katakon kwale-kwale. Ya ce, "Gwaggo, ginin ba shi da tushe. Sai na koma na sa."

Wannan ina so masu jami'a su ji shi da kyau. Karatun aji goman da suke hukunta shi a kai, ya koma ya yi shi, shafi-shafi, a gefen keken ɗinkina. Da ƙarfi yake karatu, don ƙarar keke ba ta barinsa ya ji kansa. Ni da ban nema ba har na haddace sunayen kayan cikin kwaɗo. Mata su zo gwajin rigar 'ya'yansu, su tarar da ƙato zaune a kan tarin ƙyalle yana rera lissafin yara, su toshe baki suna dariya. Bai taɓa ɗaga kai ba. In abu ya gagare shi, ya tare Malam Nikhil, malaminsu na ilimin halittu, a bakin ƙofar kwaleji, ya bi shi har tashar mota yana tambaya. Malam Nikhil ya taɓa ce mini, "Yaya, ɗanki ya hana ni shan shayi a garin nan."

Ƙarshen shekarar farko yana tsakiyar aji. Zangon da ya biyo ya shiga goman farko. Masu kwak-kwak suka fara zuwa shagona aron littafin rubutunsa, ni kuwa na ce duk mai so sai ya yi kukan agwagwa sau uku a bakin ƙofa kafin a ba shi. Sun yi kuwa. A cikin wannan shekarar ta farko ne damar gyaran makin ta zo ta wuce, yana zaune da littafin aji goma a cinya, ya san shi ciki da waje, babu wanda ya ce masa tashi ka je ka sake zama.

Ranar da sakamako ya fito bana, biyar cif. Yaya Sobhan ya taso daga ƙauye da tukwane har sun fi na wancan karon, ya bi layin kasuwa shago-shago yana rabawa yana kuka. Maƙwabciyata Dilruba, matar mai kantin magani, ita ma ta fito da nata ɗan kwalin alewar. Ɗanta Tanbir a aji goma huɗu da rabi ya ci, da malaman lesin uku suna shiga gidan suna fita. Daga nan aka saya masa babur da waya, bana ya gangaro uku da rabi. Ta karɓi alewarmu da yatsu biyu ta ce, "Ikon Allah. Ashe na ƙauye ma in sun sha ruwan famfo kan yana buɗewa."

Na ce, "Sosai. Na birni ne dai in ya yi musu yawa yake wanke abin da ke ciki."

Da aka buɗe neman shiga jami'a, muka je shagon Kajol mai kwamfuta, ni da Emdad. Tanbir na bayanmu a layi yana danna waya. Kajol ya shigar da lambar Emdad, ya danna, wani jan rubutu ya fito. Ya sake, ya sake fitowa.

"Inna, ba ta karɓa fa."

"Sake dannawa."

"Ko zan danna har yatsana ya kumbura ba za ta karɓa ba. Makinsa na aji goma bai kai ba."

"Biyar fa ya ci!"

"Na gani, Inna, ni ma na sha alewar. Amma kowace jarrabawa sai ta kai uku da rabi ita kaɗai, sannan in an haɗa su kai takwas."

Na ce ya haɗa. Na Emdad ya wuce takwas. Na Tanbir takwas ne daidai, ƙasa da na Emdad. Muna tsaye aka shigar da na Tanbir, inji ya yi ƙara, takardarsa ta fito da hotonsa yana murmushi. Yaron da ya gangaro daga sama an ba shi kujera, wanda ya hauro daga ƙasa har ya wuce shi an ce ya koma gida. Ba ni da komai da Tanbir, yaro ne mai gaisuwa, Allah Ya ba shi sa'a. Amma wane irin ma'auni ne wannan, da bai san bambancin mai hawa da mai sauka ba? Kajol ya gwada mana duk inda ake karatun likitancin dabbobi, ko'ina katangar ɗaya ce. Jami'o'i masu zaman kansu kuwa, ko keken ɗinkin da ni kaina aka haɗa aka sayar ba mu isa ba.

Na rufe shago, na ja Emdad muka hau mota zuwa birni. A jami'ar aka yi ta tura mu daga wannan gini zuwa wancan, har muka dace da wata taga mai ƙarfuna, da wani mutum a ciki yana taunar ganyen pan kamar mai cin goro, bakinsa jawur. Na zura masa takardun biyu.

Ya duba ya ce, "Kai, madalla. Biyar. Amma baiwar Allah, ba zai yiwu ba. Doka ce."

"Wa ya yi dokar?"

"Kwamiti."

"Ina kwamitin yake, in gan shi?"

"Ba ya zama sai an kira shi."

"To, kira shi, ga mu."

Ya yi dariya, ya tofar a gwangwani. "Me ya hana shi gyara makin? Ai an ba kowa dama."

"Babu wanda ya faɗa mana amfaninta."

"Yana nan a shafinmu na intanet."

"Yallaɓai, a Hijolkandi sai ka hau bishiya kafin waya ta kama. Ubansa agwagi yake kiwo. Wane shafi?"

Ya gyara zama ya ce in fahimta, dubban yara ke nema, dole a tankaɗe tun daga waje, in ba haka ba ina za a zuba su. Na ce to jarrabawar taku ta mece ce, in ba tankaɗen ba? Ni ban ce ku ba shi gurbin karatu ba. Kujera na ce, da takardar tambaya. In ya faɗi, ni da kaina zan kai shi tasha in sa shi a mota.

Emdad ya matso jikin ƙarfunan ya ce, "Yallaɓai, ku yi mini tambayar aji goman yanzu. Ko a tsaye ne."

Mutumin ya dube shi, kuma wallahi na ga kamar abin ya ɗan taɓa shi. Amma sai ya turo takardun waje ya ce, "Ɗana, ba ni da wannan hurumin. Na gaba!"

Daga birni ban wuce gida ba, Hijolkandi na nufa. Na sami Malam Haris a rumfar nan dai, a kan bencin nan dai. Ban zauna ba.

"Malam, ranar da ka sha alewar Emdad, ka san ƙasa da uku da rabi ba a shiga jami'a?"

"Monowara, ai na ce ya sake zama. Ga shaidu nan."

"Ka faɗi dalili?"

Ya juya kofin shayinsa, ya juya. Sannan ya ce, "Tsakani da Allah, wa ya zaci yaron nan zai nemi jami'a?"

Kun ji. Amsar ke nan, kuma ita ce dai amsar mai taga da ta kwamitin da ba ya zama, illa dai shi Malam Haris ya faɗe ta da baki. Sun dubi yaro yana shekara goma sha biyar da taɓo a ƙafa, sun gama yanke abin da zai zama, duk abin da ya yi bayan nan ba ya shiga lissafi. Na ce masa, "Malam, ba a ɗauke ka aikin zato ba." Wannan karon babu wanda ya yi dariya a rumfar.

Yaya Sobhan ya rame. In mai tallan rasgolla ya ratso ta ƙofar gida sai ya shige ɗaki. Ya ce mini, "Monu, ni na toshe masa hanya da tukunyar alewa." Na ce masa ya daina wannan magana. Uban da ya sayar da ƙwansa don ya nuna wa gari ɗansa ya ci, abin da ubanni ke yi ya yi. Da an ce masa alewa ko jami'a, da a gaban kowa zai kife tukunyar a ruwa.

Emdad yana ƙauye yanzu. Sun sayo 'yan tsakin agwagi sabbi, shi ya je ya karɓo maganin rigakafi a cikin ƙanƙara, ya yi musu allura ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Maƙwabta sun fara kawo masa nasu a kwando, suna tsokanarsa da "Likita, a duba mana." Yana dariya ya karɓa. Da safe in ya kora garke, ledar tana nan ƙarƙashin katakon zama, da littafin tambayoyin shiga jami'a a ciki, kuma kullum a buɗe take dawowa. Na tambaye shi karatun me yake yi tunda an hana shi. Ya ce, "Gwaggo, ai ba a rufe rajista ba tukuna."

Ba a rufe ba, sai ƙarshen watan nan. Don haka ku masu jami'a, ku da kwamitinku, ku kira kanku ku zauna kafin ranar. Yaron da makinsa biyu in an haɗa ya kai abin da kuka gindaya, kuma na bayan ya fi na farkon, ku buɗe masa ɗakin jarrabawa. Ku shugabannin makarantun ƙauye, duk yaron da ya fito ƙasa da uku da rabi, ku kira ubansa ku faɗa masa da baki abin da wannan maki zai rufe, ku faɗa kafin ku miƙa hannu cikin tukunya. Emdadul Hok, ɗan Sobhan Mia na Hijolkandi, yana jiran kujera ɗaya da takardar tambaya. Ku ba shi, ku gwada shi a kan abin da ya sani yau.